Rasuwar Muciyar Hannun Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar muciyata, bayan shekara talatin da ɗaya a hannuna.

Labarin ya same ni ranar Talata, ina asibiti wajen jinyar ƙanwata. Matar ɗana ce ta bugo waya. Sai da ta gaishe ni sau uku, sannan ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, wallahi gyara na yi niyya." Na ce to. Na ci gaba da ɓare wa ƙanwata lemo.

Marigayiyar aikin maigidana ce, masassaƙi, Allah ya jiƙansa. Ni bahaguwa ce, muciyar kasuwa zame mini take yi. Shi ne ya shafa mini gawayi a tafi, ya ce in damƙi itacen, ya bi sawun yatsuna da wuƙa ya fafe. Duk wanda ya ɗauke ta da dama sai ya ce karkatacciya ce. Sharaɗi biyu ya kafa mini: kada ta daɗe a ruwa, kuma a shafe ta da mai bayan aiki.

Ba ta taɓa karce tukunya ba. Ba ta da surutu, sai ƙwas-ƙwas biyu a bakin tukunya, yara su san an sauke.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Matar ɗana ta ga ta yi baƙi, ta ɗauka dauɗa ce. Ta jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu tun safe, ta kankare ta da soson ƙarfe, ta shanya a rana. Kafin yamma ta tsage gida biyu, daidai gurbin babban yatsana. Ban yi faɗa ba. Ban taɓa gaya mata sharaɗin ba, don ban taɓa barin kowa ya wanke ta ba.

Ta rasu ta bar babbar tukunya, abokiyar zamanta, da cokulan ƙarfe shida da ba su ma san an yi rashi ba. Cikin abin da maigidana ya sassaƙa, ita kaɗai ta rage a gidan nan. Ɗana ya sayo sabuwa. Ta masu dama ce.

Za a binne marigayiyar gobe da hantsi a gindin bishiyar bayan kicin. Ba za a yi mata wanka ba, ruwa ya ishe ta. Masu cewa a tura ta a murhu su huta a gidajensu.

Ƙusar da nake rataye ta kuwa, kada kowa ya cire. Har yau in na gama girki nakan ɗiga mai a tsumma in juya wajen, in tsaya jim. Sai in shafa a hannuna na hagu.