Ajiyar Agali da Kekena

Ba zan taɓa mantawa da satin da matacce ya yi yana gadina ba. Ko na so in manta ma, mutanen Dakoro ba su bar ni ba.

Zamanin Nasara ne, ina saurayi, ina aikin rubutu a biron kwamanda, wato ofishin Baturen mulki. Ni ke riƙe da littafin asusun tanadi na ma'aikata. Duk wata a yanke wa mutum wani abu daga albashinsa a ajiye masa, ran da ya bar aiki a ba shi, in ya mutu a ba magadansa. Wanda ya matsu yana iya cin bashi daga ajiyarsa, ya dangwala yatsa a littafi, ya biya da ɗan ruwa a kai. Lissafin ruwan nan kuwa na iya shi kamar sunana, kuma ina ji da kaina ƙwarai (har fensir nake maƙalawa a kunne in za ni kasuwa).

Akwai wani Buzu mai suna Agali cikin masu yi wa gwamnati sintiri a kan raƙumi. Dogo ne, kullum fuskarsa a naɗe cikin baƙin rawani, ido kawai kake gani. Bai yarda da littafina ba. Yana da wata igiyar fata, duk watan da aka yanke masa kuɗi sai ya yi mata ƙulli ɗaya a gabana, ya ce, "Malam, takarda gara na cin ta."

Sai labari ya zo daga wajen Rumbu cewa zazzaɓi ya kashe shi a daji, an rufe shi can. Na yi salati kamar kowa. Bayan kwana biyu Shaiɗan ya fara yi mini huɗuba. Akwai keken da wani ɗan kasuwa ya kawo daga Maraɗi, ni kuma na riga na ci bashina har iya wuya. Na ce a raina, magadan Agali suna can bin dabbobi, kafin su zo na mayar. Na rubuta cewa marigayi ya ci bashin ajiyar wata uku kafin tafiyarsa, na dangwala babban yatsana a madadin nasa. (Keken kuwa, a yashin Dakoro, ni na fi ɗaukarsa fiye da yadda ya ɗauke ni.)

Tawadar ta ƙi fita daga yatsana. Na goge da toka, na goge da yashi, tana nan daram.

Ran Litinin da tsakar rana, kowa ya tafi hutu, gari ya yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Na ɗaga kai daga tabur, sai na hango raƙumin Agali ta taga, farin nan mai tsagaggen kunne, a durƙushe gindin aduwa. Kusa da shi mutum a zaune, baƙin rawani, takobin da na sani a kan cinyarsa. Bai motsa ba. Ni yake kallo.

Kowa ya san su wa ke yawo da tsakar rana. Na rufe taga na karanta duk abin da na haddace. Da la'asar na leƙa, babu shi babu raƙumin.

Talata ya dawo. Laraba ya dawo. Na kasa tambayar kowa ko yana ganinsa, don kar a ce me ya haɗa ni da shi. Tuwo ya daina wuce mini. Baba Tanko, tsohon gardi, wato dogarin gwamnati, da ke tsaron ƙofa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi ya same ka? Ka koma kamar kazar da aka fige." Na ce masa zazzaɓi ne, na ɓoye yatsana cikin riga.

Alhamis ranar biyan albashi ce. Biro ya cika da gardawa da malaman lakwal, wato makarantar boko, kwamanda da kansa yana zaune yana sa hannu. Sai ƙofa ta yi duhu. Mai baƙin rawanin ya shigo, ko takunsa ban ji ba, ya miƙo hannu ya ajiye igiyar nan a kan littafina.

Jama'a, ban san lokacin da na bar kujera ba. Na tsinci kaina a durƙushe, na ƙanƙame ƙafarsa ina ihu, "Agali, ka yi wa Allah ka koma! Wata uku kawai na ci! Yatsana ne, ba naka ba! Zan sayar da keken!"

Sai da na gama tona kaina tsaf na ji ƙafar da na riƙe da ɗuminta, har da faso.

Baba Tanko ya ce, "Kai, tashi! Wanga ai Musa ne, ƙanen marigayi."

Ashe ya gaji raƙumin da rawanin da takobin, ya zo karɓar wa marayu ajiyar ubansu. Kunya irin tasu ce ta hana shi buɗe baki ya tambayi kuɗi, sai ya riƙa zama inda zan gan shi yana jira in kira shi. Kowa a garin yana gaisawa da shi. Ni kaɗai ke da fatalwa.

Kwamanda ya sa tafinta ya fassara masa komai, har da keken. Da ba don Baba Tanko ya roƙa ba, da ranar na bar aiki. Aka sa ni na lissafa bashin da ruwansa da bakina a gaban kowa, aka ba Musa kuɗin marayu cif, ni kuma aka yi ta yanka a albashina.

Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Kafin Musa ya tafi na ƙirga ƙullin igiyar don in gwada da littafi. Uku na ƙarshe a kwance suke, fatar da sauran lanƙwasarta. Na tambaye shi ko shi ya kwance. Ya ce bai taɓa ta ba, tun da aka rufe yayansa tana ɗaure cikin jaka.

Daga ranar, kuɗin mai rai ma sai na yi bisimilla nake taɓawa. Na matacce kuwa, ko cewa aka yi in riƙe na minti ɗaya, sai in ce yatsana na ciwo.