Farin Gini Mai Hasumiyoyi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fita nuna wa surukina birnin Kuala Lumpur. Alhaji ya zo duba 'yarsa da jikarsa, ni kuma na ƙudura sai ya koma Kano yana cewa ya ba da 'ya inda ya dace. (Dama can bai so na kwaso ta zuwa wata uwa duniya ba.) Matsalar ɗaya ce: shekarata biyu a garin ina karatun digirin dakta, amma daga gidanmu na Bukit Jalil sai ɗakin karatu sai shagon shayin Indiyawa da ake kira mamak, iyakar sanina ke nan.

Muka fara da tsofaffin gine-ginen da Turawan Ingila suka bari. Kai, an yi aiki a wurin nan! Jan bulo reras, ƙubbobin tagulla suna ƙyalli, ga doguwar hasumiyar agogo, ga baranda da iska ke ratsawa ba fanka ba komai. Alhaji, tsohon dillalin siminti, ya shafa bango ya ce, "Nan kam ba a ci amanar kayan aiki ba." Ni kuwa sai zuba bayani nake kamar da ni aka yi kwaɓin.

Azahar ta yi. Can na hango wani farin gini, hasumiyoyi ta ko'ina, ƙofofi masu baka, kyakkyawa kamar shi ya yi kansa.

"Baba, ga masallaci," na ce. Da na tsaya nan, da da sauƙi. Sai bakina ya ƙara da, "Nan ma muke Juma'a."

Muka yi alwala da ruwan gora, muka cire takalma, muka shiga da ƙafar dama, Alhaji na addu'ar shiga masallaci. Mutane na ta kallonmu, na ce a raina ba su saba ganin babbar riga ba ne. Ina cikin laluben alƙibla sai na ji ƙasa na rawa. Jirgi ya shigo ƙiiii ya tsaya a gabanmu, jama'a suka yi ta ɓulɓulowa da jakunkuna. Ashe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce.

Alhaji ya dubi jirgin, ya dubi takalman da ke hannuna (har da nasa, wai ni mai ladabi).

"Dakta," ya ce a hankali, "limamin naku ne ya iso?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Allah ya saka masa da alheri, bai faɗa wa 'yarsa ba. Ni dai na ɗauki darasina: "ban sani ba" ba ta taɓa tsayar da kowa babu takalmi a gaban surukinsa ba.