Yadda Na Mulki Jamhuriyar Saura

Ko zan manta da komai na zamana a Gwarzo, ba zan taɓa mantawa ba da ranar Asabar ɗin da na zama shugaban ƙasa. Na hau mulki da hantsi, kafin rana ta take an tsige ni. Har yau kuma ina nan a kan bakana cewa gwamnatina ba ta yi abin kunya ba. Ni ne dai na yi.

Haifaffen birnin Kano ne ni. Na yi shekaru ina fassara labarai ina karanta su a gidan rediyo, kafin in koma koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Gwarzo. Aikin rediyo yakan bar wa mutum ciwo guda, wato ba ya iya ganin kuskure ya wuce. In na ga allon shago an rubuta ƙasa babu lanƙwasa, sai na tsaya na nemi mai shagon. In wani ya ce ana ruwa a Kabo, sai na tambaye shi majiyarsa. Da haka abokan hira suka laƙaba mini suna Ƙamus. (Don zolaya suka yi. Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, na ɗauka lambar yabo ce.)

Majalisarmu tana zama ne bayan la'asar a ƙofar shagon Alhaji Mudi mai yadi, mutum mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Babban abokin gardamata shi ne Malam Bulus, ɗan kudancin Kaduna, wanda ke koyar da darasin gwamnati a makarantarmu. Wata rana na kawo musu labarin da na ji, cewa a can Turai wani mutum ya gano wani ɗan yanki a bakin kogi tsakanin ƙasashe biyu, kowacce ta ce ba nata ba ne. Sai ya kafa tuta, ya ce ya kafa ƙasa, har da tsarin mulki da ministoci.

Malam Bulus ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To mu da muke zama nan kullum muna gyara wa gwamnati zama, in aka ba mu ƙasa, za mu iya riƙe ta mako guda?"

Na ce, "A ba mu a gani."

Bayan kamar mako biyu na hau babur zan je ta'aziyya wajen Dugabau. Lokacin bazara ne, manoma sun yi sharar gona, an jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Daidai inda ƙasar Gwarzo ke shirin ƙarewa ta Kabo ta fara, sai na ga wani fili daban da sauran. Ba shara, ba taki, sai sabara da kalgo sun yi duhu. Girmansa zai kai filin ƙwallo biyu. A gindin wata ɗorawa kuma ga wani dattijo zaune yana tufkar igiya.

Na sauka, na durƙusa, muka gaisa. Na tambayi gida, na tambayi iyali, na tambayi zafi, shi ma ya tambayi nawa. Sannan na ce, "Baba, wannan filin fa, na Gwarzo ne ko na Kabo?"

Ya dubi filin, ya dube ni, ya ce, "Wannan kuma sai ku ma'aikata. Ni dai abin da na sani, saura ce."

Saura. Wato da aka zo rabon ƙasa tsakanin ƙananan hukumomi biyu, wannan ne ya rage, ba wanda ya ɗauka. Na lura ya ce "ce" a inda ya kamata ya ce "ne", tun da kowa ya san saura namiji ne, amma na yafe masa a raina. Na ce mutumin ƙauye ne, kuma ya yi mini babbar hidima. Ko sunansa ban tambaya ba.

Da yamma na sanar da majalisa da muryar labaran duniya cewa an samu yankin da ba shi da mai shi, kamar yadda wata majiya mai tushe ta tabbatar. Washegari na kai su suka gani. Alhaji Mudi ya zagaya filin, ya shuri wani tudu-tudu da ƙafarsa, ya ce, "Ƙamus, me dattijon ya ce maka?" Na ce, "Cewa ya yi saura ne." Alhaji ya ce, "To, madalla."

A nan ne zan roƙi mai karatu ya ba ni dama in ɗan yi alfahari, domin tsarin mulkin da muka rubuta ni da Malam Bulus abin a nuna wa baƙo ne. Mako uku muka yi a kansa, shi yana kawo ilimin, ni ina sa masa Hausa. Sunan ƙasa Jamhuriyar Saura. Wa'adin shugaba damina ɗaya, ba tazarce, ko da shi ne ya kawo ruwan. Zaɓe ƙato bayan ƙato ne, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so rana tsaka, don kada gobe wani ya ce bai san yadda aka yi ba. Juma'a da Lahadi duka ranakun hutu ne, wanda hakan ya sa muka fi kowace ƙasa zaman lafiya, muka kuma fi kowace ƙasa ƙarancin aiki. Shugaba ba shi da jiniya, ba shi da 'yan rakiya, kuma dole ne shi ya fara gaida talaka. Kowane ɗan ƙasa zai yi wa ƙasa aikin gayya in shugaba ya kira. Sashe na tara kuwa, wanda ni da kaina na dage sai an sa, ya ce duk shugaban da ya yi wa jama'a bayanin da ba haka yake ba, ko da bisa kuskure ne, za a iya tsige shi nan take. (Malam Bulus ya ce "ko da bisa kuskure" ya yi tsauri. Na ce masa wanda ya san abin da yake faɗa ba ya tsoron wannan sashe.)

Mutum goma sha tara suka shiga, malamai da 'yan kasuwa. Malam Bulus ya zama Alƙalin Alƙalai. Alhaji Mudi ya karɓi ma'aikatar harkokin waje, aikinsa gaida masu unguwannin da ke maƙwabtaka da mu. Muna da ministan tsaro, muna kuma da ministan ruwa, ko da yake ba mu da rijiya. Ni kuwa na fito takarar shugaba ba hamayya. Ranar Laraba muka je muka kafa turaku a kusurwa huɗu, muka shafa musu farin fenti, muka kafa doguwar gora muka ɗaura tuta. Muka sa Asabar ranar rantsuwa.

Asabar da hantsi muka hallara, kowa cikin shadda. An kawo benci huɗu, da lasifika mai batir. Manoman da ke wucewa suka tsaya kallo, har suka fi 'yan ƙasa yawa. Malam Bulus ya rantsar da ni, na karɓi makirufo. Ba yabon kai ba, ban taɓa jin muryata ta yi daɗi kamar ranar ba.

"Jama'a, yau tarihi ya kafu. Wannan ƙasa da kuke gani, wadda Gwarzo ba ta ɗauka ba, Kabo ba ta nema ba, ƙasa ce da ba ta da mai ita tun ran gini tun ran zane."

Na ji ɗan gunaguni daga wajen manoma, na ɗauka sha'awa ce. Ina cikin bayanin rabon iko tsakanin majalisa da kotu sai na hango wani mutum tafe, gatari a kafaɗa, adda a hannu. Ministan tsaro ya matsa bayan benci. Da ya ƙaraso sai na gane shi, dattijon nan ne mai tufka. Na yi murna ƙwarai. Na ce, "Ga ma majiyarmu nan da kanta. Baba, bismillah, matso."

Bai matso ba. Ya ajiye gatarin, ya cire takalmansa, ya tsuguna a ƙasa. Na je har inda yake da makirufo a hannuna, a kunne.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ran Laraba aka ce mini gwamnati ta kafa turaku. Kwana uku ke nan abinci ba ya wuce mini. Na ce bari dai in zo in ji da kunnena. In karɓewa aka yi, a taimaka a bar mini ko gefen ɗorawar nan. Nan mahaifina ya fara ba ni fartanya."

Na ce, "Baba, karɓe me?"

"Gonata."

"Wace gona? Ba kai ka ce mini saura ne ba?"

"Na ce maka saura ce."

Da na yi shiru a nan, da an ce malamin nan ya yi kuskure, a wuce wurin. Amma ciwon nan nawa ya motsa. A gaban 'yan ƙasa goma sha tara da manoma masu yawa, ta cikin lasifika, na ce, "Baba, ai ba a cewa saura ce. Saura ne ake cewa. Abin da ya rage ke nan bayan an yi rabo."

Dattijon ya ɗaga kai ya dube ni sosai. Na ga tsoron yana barin fuskarsa, wani abu kamar tausayi yana maye gurbinsa.

Ya ce, "Ɗana, kai daga ina?"

"Daga birni."

"To shi ya sa. Saura ne, wannan na tuwo ne, wanda ake ɗumamawa da safe. Saura ce, gona ce da ta gaji aka bar ta ta huta. Shekara huɗu ke nan na bar ta. Bana nake so in yi mata sassabe in sa dawa. Ba ka ga tsohuwar kunya ba?"

Ya faɗi kalmomin biyu a jere, ɗaya da murya a sama, ɗayar ya faro ta daga ƙasa ya ɗaga. Ni da nake koyar da karin sauti duk zango, ni da na sha kayar da ɗalibai a kansa, sai ranar na ji bambancin. Na duba ƙasa. Ga kunya nan jere, tun daga ƙarƙashin takalmina har gindin tuta. A kan kunya nake tsaye tun safe. (Mai karatu ya ɗauki kalmar ta duk fuskar da ya so, duka biyun daidai ne.)

Ba a yi dariya nan da nan ba. Mutanen karkara suna da kara. Wani ne can baya ya ce a hankali, "Ashe shugaban ƙasa a gonar Baba Ilu yake," sannan abin ya ɓarke. Har ministan ruwa sai da ya riƙe benci.

Malam Bulus ya miƙe, ya gyara tabarau, ya buɗe takarda. Fuskarsa ba alamar wasa. Ya ce, "Mai girma shugaba, kotu tana jan hankalinka zuwa sashe na tara."

Na ce, "Na san shi. Ni na rubuta."

"To za a yi layi. Mai son shugaba ya ci gaba, ya tsaya a bayansa. Mai son canji, ya tsaya a bayan..." Ya waiga yana neman ɗan takara. Alhaji Mudi ya ce, "Ai ga mai ƙasa nan."

Aka tashi Baba Ilu tsaye, bai san me ake ciki ba. Ɗaya bayan ɗaya 'yan ƙasata suka jeru a bayansa. Na waiga bayana, ba kowa sai gorar tuta. Na yi tunanin abin da na sha karantawa a labarai game da shugabannin da suka ƙi sauka. Sai na ajiye makirufo, na taka na je ƙarshen layin Baba Ilu na tsaya. Sakamako: ashirin da babu. Ba a fasa kan kowa ba, ba a je kotun ɗaukaka ƙara ba. Duk wanda ya san wata ƙasa da ta taɓa miƙa mulki cikin lumana haka, ina jiran ya kawo mini majiyarsa.

Da aka bayyana wa sabon shugaba ikonsa, ciki har da kiran gayya, ya juya ya dubi filin. Sannan ya ce, "To tun da kun zo, a fara da cire turakun nan. Masu ƙarfi kuma ga sabara." Manoma suka ara mana adduna. Muka tuɓe manyan riguna muka rataye a ɗorawa, muka yi sassabe har aka kira azahar. Tafin hannuna ya yi kanta a ranar, karo na farko a rayuwata. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri a kan kwana ukun da ya yi bai ci abinci ba. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Ka iya magana, wallahi. Da ka san abin da kake faɗa, da ba a zauna lafiya ba."

A hanyar komawa na tare Alhaji Mudi. Na ce, "Alhaji, ka sani tun ranar farko."

Ya ce, "Tun da na shuri kunyar."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Haba, Ƙamus. Ni mai yadi, in gyara maka Hausa? Kuma tsarin mulkin ya yi kyau, na so in ga ko zai yi aiki."

Ya yi aiki kuwa. Ni ne shaida.

Yanzu in na ji tsoho ya ce "ce" a inda nake jiran "ne", ba na gyara masa, sai in gyara zama in tambaye shi me yake nufi. In kuma na ga fili shiru ba kowa a ciki, nakan yi sallama kafin in taka, domin a ƙasar nan mai shi yana nan tafe, kuma yawanci da gatari.