Injiniya Ɗanmusa da Kwamfutar da Ta Ƙi Buɗe Fuska

Daga Zagga har Matsinkai babu masanin kwamfuta kamar Injiniya Ɗanmusa na Bagudo. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. Kwas ɗin sati uku ya yi a Birnin Kabi, ya dawo da tabarau da wata kwamfuta 'yar Kwatano. Ya sa mata Linuks, domin a cewarsa sauran manhajoji na ƙananan ma'aikata ne.

Ranar Talata Na'Allah, magatakardan masunta, ya zo karɓar aikin da ya bayar a buga masa: sunayen mutum ɗari da arba'in da ambaliya ta kwashe wa jirage. Motar kwamitin agaji za ta tashi bayan Azahar, kuma wanda babu sunansa ba zai sami jirgi ba. Takardar asali kuwa tuni Injiniya ya ba mai ƙosai, saboda takarda kayan mutanen da ce.

Aka kunna. Kwamfuta ta yi gurnani, ta zubo farin rubutu, ta tsaya cak a baƙin allo, wani ɗan ɗigo yana ƙifta ido a kusurwa. Babu hoto, babu kibiya.

Injiniya ya gyara tabarau. "Kak ka damu, Baba, kunya ta. Tarbiyyar Shari'a nib ba ta, ba ta buɗe huska gaban baƙon namiji."

Bawan Allah ya fita waje ya juya baya. Allo na nan baƙi ƙirin. Sai Injiniya ya gano kewar gida ke damun ta. Aka juya ta ta fuskanci iyaka, aka tsayar da wani ɗan kabu-kabu mai shiga ƙasar Binin ya gaishe ta da Faransanci, bonjur sau uku. Ko gezau.

Ana haka Malama Khadijatu, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ta shigo yin fotokwafi. Ta buga 'yan haruffa a baƙin allon ta karanta. Ta ce cikin na'urar ne ya cika maƙil, shi ya sa ta kasa tada hoto. Abin da ya cika shi kuwa hotuna ne dubu tara, duk na Injiniya: da tabarau, ba tabarau, jingine da motar wani, riƙe da waya biyu.

"Share ɗari kawai, za ta tashi," in ji Malama.

"In share mi? Malama, wanga tarihin Bagudo na!"

Ya karɓe kujera, ya tilasta mata ta nuna masa yadda ake sharewa. Ya nemi abin da ba shi da muhimmanci, ya same shi nan take, wata jaka mai suna Ayyukan Mutane. Kafin Malama ta riƙe hannunsa ya danna.

Kwamfuta ta tashi tas, launi ya cika allo. Injiniya ya ɗaga hannu sama yana jiran tafi. Na'Allah ya matso ya tambayi sunaye. Ina wurin a lokacin, wallahi tausayin tsohon nan ya kama ni.

"Haba Baba, ka cika son kai. Na'ura ta dawo daga lahira, kai kana zancen sunaye?"

Ladan ya kira Azahar. Don kada a ce ya sallami dattijo hannu rabbana, Injiniya ya buga masa takarda ɗaya kyauta, hoton nan nasa da yake jingine da motar wani.