Tsakuwa Dubu a Ƙwaryar Malama Bushiya

A wani daji da ke bayan wani kogi, akwai Majalisar Masana wadda ba ta auna ilimi da komai sai da yawan ambaton suna. Duk wanda aka ce "in ji wane", sai Zalɓe, shugaban majalisar, ya sa a jefa masa tsakuwa guda a ƙwaryarsa.

Malama Bushiya likitar ƙwaƙwalwa ce. Damina bakwai ta yi tana rubuta bayanan majinyatanta a ɓawon itace da ƙayar bayanta: ranar da ciwo ya tashi, abin da aka yi, ranar da aka samu sauƙi. Da ta jera ɓawo ɗari uku ta kwatanta, sai ta ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Wanda aka ɗaure a turu ciwonsa daɗewa yake yi, wanda kuwa aka zauna da shi aka saurare shi yakan dawo hayyacinsa kafin kaka. Ta kai wa majalisa, aka yaba, aka adana a rumbu.

Ranar da ƙwaryarta ta kai tsakuwa dubu, ana ta yi mata barka, ita kuwa tambaya ce ta tsaya mata a rai: su wane ne dubun nan, kuma me suke cewa ta ce? Matambayi ba ya ɓata. Ta ɗauki sandarta ta shiga daji.

Ta fara da Aku, wanda shi kaɗai ya ambace ta sau ɗari biyu.

"Malam Aku, wane ɓangare na aikin ne ya fi amfanar ka?"

"Allah ya ƙara sani, Malama, ai duka! Ni ba na buɗe baki sai da sunanki. Ko jiya da nake bayani a kan ciwon baki, ke na ambata."

"Ni ban yi rubutu a kan ciwon baki ba."

"To ai shi ya sa nake cewa iliminki ya wuce inda kika ajiye shi."

Ta yi gaba tana jujjuya maganar. A gindin wata kanya ta tarar da Ɓauna ɗaure ƙafa huɗu, igiya ta ci masa fata har ƙudaje na bi. Tun da matarsa ta mutu ya daina kiwo, yana magana shi kaɗai. Dila, mai magani, yana tsaye yana yi wa dangi bayani, bai gane baƙuwar ba.

"Kada tausayi ya ruɗe ku. Babbar likita Bushiya ta yi nazarin ɗaurarru ɗari uku. Da ɗauri ba magani ba ne, da ba ta ɓata damina bakwai a kansa ba."

Ƙayoyinta suka miƙe. Ta sa haƙori ta gwigwiye igiyar, ta zauna kusa da kan Ɓauna ta ce, "Baba, ba ni labarinta." Kwana tara tana zuwa. A na goma ya tashi ya ci ciyawa.

Daga nan ta wuce majalisa ta ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Da sunana ake ɗaure waɗanda na ce a kwance. Ina roƙon a cire tsakuwar Dila daga ƙwaryata."

Zalɓe ya sauya ƙafa, ya ce, "Malama, mu nan ba ma tambayar ruwa daga wane gajimare ya zubo. Ambato ambato ne. Amma mun ji kukanki. Ki rubuta raddi, kuma ki tabbata kin ambaci Dila, domin shi ma yana neman ƙarin girma."

Ta ce to a buɗe rumbu a karanta aikin a bainar jama'a, kowa ya ji da kunnensa. Aka sha wahalar ƙofar, don tun ranar da aka rufe ta ba wanda ya taɓa. Ciki babu ɓawo ko ɗaya, sai jar ƙasa da Gara a kwance, ciki ya yi tulu.

Majalisa ta yi shawara, ta ba Gara kujera, kasancewar ita kaɗai ce ta bi aikin daga farko har ƙarshe.