Mantau da Haƙoran Yayansa

Mu uku ne a gidanmu na Unguwar Ɗorawa: ni, da maigidana Nomau, da ƙanensa Mantau. Mantau ya kai shekara arba'in, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A shekarar da Nomau ya fito takarar kansila aka ce za a buga hotonsa yana murmushi, ga shi goro ya rine masa haƙora jajir. Abin ya hana shi sakat.

Wata rana wani maƙwabci ya ce masa gawayi na faranta haƙori. Nomau ya ce, "Mantau, ɗebo min gawayi a murhu, maza, kada ka tsaya." Sai ga Mantau a guje da garwashi cike da shebur, ya juye masa a gaba. Tabarma ta kama, gefen babbar riga ya bi.

"Da wuta zan goge baki?"

"Yaya, ai cewa ka yi kada in tsaya."

Wata rana kuma Nomau ya ce, "Daga yau kada ka bar ni in yi wa kowa magana da safe sai na yi aswaki." Washegari shugaban jam'iyya ya yi sallama da tawagarsa. Nomau ya buɗe baki zai amsa, Mantau ya danna masa aswaki, ya riƙe masa haɓa, ya dubi baƙin ya ce, "Ku yi haƙuri, bai gama ba." Ni kam ina bayan ƙyaure, dariya har da hawaye.

Wata rana a kasuwar Litinin, Nomau ya sayi wani ruwa a kwalba mara suna wajen mai talla da lasifika, ya sayi kan rago na miyar dare. Ya miƙa wa Mantau duka biyun ya ce, "Kai gida. Mai maganin ya ce a shafe haƙora da shi, a bari ya wuni, kada a ɗauraye." Mantau ya iso gida, ya duba hannunsa, ya ga haƙora. Ya wangale bakin ragon, ya tuttule masa kwalbar kaf.

Da la'asar Nomau ya dawo ya tarar da kwalba wayam, ya zari sanda. Ni kuma na ɗauko kan ragon zan babbake, sai na ga haƙoran sun yi fari fat kamar alli. Na kankara da farce, gari ya biyo. Na ƙwala wa Nomau kira.

"Maigida, ajiye sandar nan ka zo ka gani."

Da safe Nomau ya naɗe kan ragon a leda ya tafi asibitin haƙori a birni. Likitar ta ce ruwan mai cin ƙarfe ne, yana cinye rufin haƙori, shi kuwa rufin in ya tafi ba ya dawowa. Ta wanke masa haƙora da na'ura, suka yi haske daidai gwargwado.

Da ya dawo, a tsakar gida ya kama hannun ƙanensa da hannu biyu, idonsa ya cika da hawaye. Ban taɓa ganin haka ba, kuma har yau ina gode wa Allah da ya ba mu Mantau.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwana. Da yanzu bakina ne a ledar nan."

Mantau ya leƙa ledar, ya leƙa bakin yayansa, ya ce, "A'a Yaya, naka na nan. Ban taɓa maka ko ɗaya ba."