Na'urar da Baba Ya Hana Shan Rana

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan manta da bazarar da na gano "sabon yanayi" a Daura ba.

Lokacin ina digiri na biyu a sashen nazarin yanayi, ina bincike kan zafin bazara. Sashen ya ba ni aron wata 'yar na'ura mai auna zafi tana adanawa da kanta. Na kafa ta a kan sanda a tsakar gidanmu, na bar wa Baba amanarta, na koma makaranta. Baba dillalin shanu ne, kuma tun rasuwar Innarmu shi ne uwa shi ne uba. Abin da na ce masa kawai shi ne ya kula min da ita, digirina na cikinta.

Da na kwaso sakamako sai na ga abin al'ajabi. Kullum da tsakar rana, lokacin da gari ke toyuwa, sai zafi ya faɗi warwas, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa (Allah na tuba) har na hango sunana a manyan mujallu. Na tsaya gaban taron sashe na yi ta zuba bayani ina juya hannu.

Farfesan da ke duba aikina, wani dattijo mara hayaniya, ya ce zai so ya ga wurin da idonsa.

Mun isa ana kiran azahar. Na shige gaba ina takun masana. Ga sanda a tsaye, babu na'ura.

Bayan gaisuwa Baba ya shiga ɗaki, ya ɗauko ta daga gindin randa, naɗe cikin rawaninsa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ko maraƙi ba na bari a wannan rana, balle karatun 'yata."

Ashe kullum sai ya baro kasuwar shanu a kan babur ya shigar da ita inuwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Farfesa ya cire tabarau yana goge ido, kafaɗunsa na rawa, ya ce bai taɓa ganin na'ura mai gata irin wannan ba. A hanya ya shaida min sai na jira wata bazarar. Shekara guda ta tafi ke nan, amma na kasa yin fushi, tausayin Baba ne ma ya kama ni.

Da bazara ta zagayo na yi masa bayani cewa shan rana ne aikinta. Ya yi alkawari, ya kuma cika, sai dai ƙanwata ta ce kullum da azahar yakan leƙo ya yi wa na'urar sannu.

Tun daga nan, in sakamako ya yi kyau fiye da kima, kafin in nemi Farfesa, gida nake fara kira.